Wasiƙa Daga Landan: Ɗana Da Yaren Mahaya Dawaki

Ku yi haƙuri da shiruna na kwana biyu, aiki ne ya sha mini kai.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne wani abu da ya faru a gidana ranar Lahadi. Na shiga ɗakin babban ɗana, wanda ya shiga jami'a bana, na tarar da shi da littafi ya ja layuka yana hadda. Na ce, "Kai, me kake karantawa haka?" Ya ce, "Baba, Dothraki nake koyo." Na ce a wace ƙasa ake yin sa? Sai ya yi dariya, ya ce ai babu ƙasar.

Ashe yare ne na ƙirƙira. Wani Ba'amurke masanin harsuna, David J. Peterson, ya gina shi a 2009 saboda fim ɗin Game of Thrones da tashar HBO ta nuna daga 2011 zuwa 2019. Ya ɗora shi ne a kan 'yan kalmomin da George R. R. Martin ya zuba a littattafansa, don wata ƙabilar mahaya dawaki da babu ita sai a labari. A 2014 har littafin koyon yaren aka buga.

Na zauna na ce ya koya mini. Abin da yake haddacewa shi ne yadda ƙarshen suna ke canzawa bisa aikinsa a jimla, kashi 5. Sarkinsu khal ne. In shi aka yi wa aiki sai ya koma khales. In abu nasa ne, khali. In wurinsa za a je, khalaan. In daga wurinsa aka fito, khaloon. Nan take na tuna zauren malam da Ajurumiyya, domin wannan ai i'irabi ne, sai dai sunan Larabci 3 gare shi: raf'u da nasbu da jarru. Abin da ya fi burge ni, ba su da abin da ke yin aikin "ne" da "ce". In kana son ka ce mutum ya taɓa zama sarki sai ka ce me khaloon, tamkar daga sarautar ya fito. In nan gaba zai zama, me khalaan, tamkar can ya nufa.

Fassarar ma akwai darasi a cikinta. Ba su da kalmar "na gode", sai dai ka ce wa mutum girmamawa mai yawa ta tabbata gare ka. In za su tambayi lafiyarka kuwa, cewa suke shin kana sukuwa lafiya?

To 'yan'uwa, ga inda gizo ke saƙar. Da yammar ranar Hajiya ta bugo waya daga gida. Na miƙa masa, ya ce "Ina wuni Kaka", ta amsa, ta tambaye shi karatu da sanyi, sai yaro ya yi tsit yana kallona. Mai haddace khaloon da khalaan ya kasa haɗa jimla biyu da kakarsa. Wallahi ranar ban yi barcin kirki ba.

Uwargida ta ce in hana shi, wai ɓata lokaci ne. Ni ban yarda ba. Yaron da ya zauna da kansa, ba bulala ba jarrabawa, ya gane bambancin mai aiki da wanda aka yi wa aiki, ya samu mabuɗin kowane nahawu. Laifin nawa ne. Dothraki ya zo masa da labari mai jan hankali da darussa a tsare. Ni kuwa Hausar da yake ji a bakina ba ta wuce "kashe fitila" da "ka yi salla?" ba, kuma in ya yi kuskure dariya muke yi masa. Wa zai so yaren da faɗa kawai ake yi masa da shi?

Washegari na ce ya kawo littafin nan nasa. Na rubuta masa: na saya, na sayi doki, na saye shi, na sayo, na sayar. Na ce su suna suke juyawa, mu aikatau muke juyawa, duba yadda harafi ɗaya ko biyu ke mai da mai saye ya zama mai sayarwa. Na ƙara masa dokin sarki da rigar sarki, ya gano da kansa cewa -n na namiji ne, -r ta mace. Sannan na ce ya fassara mini "sannu da hutawa" da "ina gajiya?" zuwa Turanci. Ya yi ta fama bai iya ba, sai murmushi. Na kuma nuna masa hotunan hawan daushe na Kano, na ce ga mahaya na gaske, da yarensu na gaske.

Yanzu mun yi yarjejeniya: duk Lahadi ya ba ni jimla 5 na Dothraki, in ba shi 5 na Hausa, wanda ya faɗi shi zai wanke kwanuka. Makon jiya ni na wanke.

Masu 'ya'ya a waje, ku rubuto mini yadda kuke yi da naku. Yaya, don Allah ka gaya wa Hajiya ta riƙa yi masa magana a hankali in ta bugo, kada ta gaji.

A gaida kowa da kowa. Sai wani jiƙon.

Naku a kullum, daga Landan.