Rafi Ba Ya Kwana

Jama'a, duk mai niyyar girka ƙaramin injin lantarki a bakin rafi, ko a tsaunin Mambila ko a ƙauyukan Nepal inda irinsa ya yawaita, ya sani cewa ruwa ba rana ba ne, ba ya faɗuwa da magariba. Idan kowa ya kashe fitilarsa da dare, injin ya rasa nauyin da zai ja, sai gudunsa ya ƙaru, wutar ta zarce bolt 230, ta ƙone kayan mutane. Shi ya sa na tsaya a kan cewa na'urar karkatar da rarar wuta zuwa hitar dumama ruwa wajibi ce. Wani zai ce asara ce. To ai ruwan wucewa zai yi ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba. Wani kuma zai ce tsada, amma sake naɗin janareta ya fi tsada. Ku haɗa da waya mai kauri, da ƙarfen da ake kafawa a ƙasa, da makatsar wuta mai miliamfiya 30, domin jiƙaƙƙen hannu ke taɓa injin nan. Kada ku kunna sai an kammala waɗannan.