Tsohon injin wanki na Miele: ƙarfi gare shi, amma sai da ruwa da wuta

Duk wanda ya tambaye ni wane ne ya fi ƙarko cikin tsofaffin injinan wanki da ake kawo mana daga Turai, ba na jinkirin cewa Miele. Amma idan mutum ya ce in ba shi shawara ko ya saya wa iyalinsa a Tasawa ko Mayahi, sau da yawa cewa nake ya dakata tukuna. Wasu na ganin baki biyu gare ni. Magana ɗaya ce, kuma aikin gyaran firji da fanka da sauran kayan wuta da na daɗe ina yi ne ya koya mini ita.

Bari in fara ba injin haƙƙinsa. Kamfanin Miele na Jamus ne. Carl Miele da Reinhard Zinkann suka kafa shi a 1899 a wani ƙaramin gari mai suna Herzebrock, kuma da injin raba madara da mai suka fara, sannan na kaɗa man shanu, kafin su kai ga injin wanki na katako da ake juyawa da hannu. Har yau kamfanin yana hannun zuriyar mutanen nan biyu, hedikwatarsa tana Gütersloh. Injin da ke jan ruwa da kansa, ya wanke, ya ɗauraye, ya matse, kamfanin Bendix na Amurka ne ya fara fito da shi kasuwa a 1937, Miele kuwa ya shiga wannan fage a shekarun 1950. Waɗanda ke isowa wurinmu galibi na shekarun 1980 da 1990 ne, wato sun riga sun yi wa wani gida a Turai aiki har ya gaji da su.

Sai ka kwance murfin ɗaya daga cikinsu za ka san abin da ake nufi da aikin ƙwarai. Injinan wanki duka ana sa musu nauyi a ciki don kada su riƙa tsalle lokacin matsa. Yawancin kamfanoni siminti suke zubawa, mu kuma mun san yadda siminti ke tsagewa idan ya sha girgiza. Miele ƙarfen zubi yake sakawa. Shi ya sa nauyin injin ke kusan kilo 100, ƙarti biyu sai sun yi nishi kafin su ɗaga shi. Gangar ciki ta ƙarfe ce mara tsatsa, kuma kusan komai da noti aka ɗaure shi. Idan boris ya ci, ana cire shi a sa wani. Idan gawayin mota ya ƙare, aikin rabin yini ne. Sababbin injina masu araha da yawa gangarsu ta roba ce da aka liƙe gaba ɗaya, ranar da boris ya mutu sai dai a canza gangar dungurungum, kuɗinta kuma ya kusa na sabon inji. Kamfanin yana cewa yana gwada kayansa daidai da aikin shekara 20, kuma abin da idona ya gani bai saɓa wa wannan magana ba.

Abin da na fi so a mafi tsufansu shi ne agogon da ke tafiyar da wankin. Ƙaramar mota ce ke juya wasu haƙora, haƙoran suna buɗe wuta suna rufewa, kana jin ƙas, ƙas, ƙas yana tafiya. Idan aka ɗauke wuta tsakiyar wanki, inda ya tsaya nan zai ci gaba in ta dawo. Idan haƙori ɗaya ya ƙone, ana gogewa a gyara. Na baya-bayan da ke da kati mai ƙwaƙwalwa sun fi iya tattalin ruwa, sai dai kati ba ya son wuta mai hawa da sauka, kuma ranar da ya ƙone a garinmu, samun irinsa sai an yi tafiya da addu'a.

To, duk wannan ƙarfi an ƙera shi ne don gidan da famfonsa ba ya yankewa, wutarsa kuma ba ta rawa. A nan ne lissafi ke canzawa.

Ruwa shi ne babbar magana. Injin ba zuba masa ake yi ba, ja yake yi daga famfo, kuma bawul ɗinsa ba ya aiki daidai sai ƙarfin ruwan ya kai kamar na tankin da aka ɗora a tsayin mita 10. Gida nawa ne a unguwanninmu ke da haka? Masu famfo a gida ma sun san lokutan da ruwa ke zuwa siriri, musamman a watannin bazara, sai cikin dare ake tara shi a tuku. Injin zai tsaya yana gunji yana jiran ruwa ya kai ma'auni, wani ma ya yanke wankin gaba ɗaya. Sannan ga yawan abin da yake sha. Na shekarun 1980 na iya cinye lita 100 ko fiye don wanke kaya kilo 5, wato bido huɗu na lita 25. A gidan da 'yan garuwa ke kawo ruwa, wannan kuɗi ne a fili. A ƙauyukan arewacin Mayahi da wajen Urafan, inda ake jan ruwa daga rijiya mai zurfi da jaki ko sa, ba ma maganar da za a ɗauko ba ce. Matanmu kuwa gwanayen tattali ne: ruwan da aka ɗauraye fararen kaya da shi, shi za a jiƙa masu duhu, na ƙarshe a yayyafa wa tsakar gida ko a zuba wa zogale. Ana iya tare ruwan injin a tuku a yi irin wannan amfani, amma sai an zauna an tsara, mai sayarwa kuma ba zai gaya maka ba.

An taɓa kira na wani gida a cikin garin Mayahi. Ɗan gidan da ke aiki a waje ne ya aiko wa mahaifiyarsa inji, don ya hutar da ita da ƙannensa. Na tarar an shimfiɗa masa kyalle mai ado, an jera kwanonin samira a kansa. Na duba shi sama da ƙasa, lafiyarsa ƙalau.

Na ce, "Hajiya, injin nan ba abin da ya same shi. Ina famfonku?"

Ta ce, "Ɗan nan, ai a maƙwabta muke ɗiba. Na ɗauka zuba masa ake yi kamar baho."

Zuciyata ta sosu, domin kuɗin da yaron ya kashe, daga saye har dako, da ya isa a ja musu famfo har cikin gida, wanda shi ne abin da zai fi rage wa ƙannensa mata wahala.

Sai wuta. Injin yana da hita a ciki mai dafa ruwa, ita kaɗai tana jan wat 2,000 ko fiye. Ƙaramin janareto ba ya ɗaukarta, solar gida mai kunna fitila da talabijin ma haka. Wutar yankinmu ta daɗe tana zuwa ne daga Najeriya, ta layin da ya taso daga Katsina ya faɗo Gazawa, daga nan ya rabu zuwa Maradi da Damagaram. Kowa ya tuna yadda aka yi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da aka yanke wutar cikin takunkumin ECOWAS, ba ta dawo ba sai a farkon 2024. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da lantarki, wanda ya samu dole ya zaɓi abin da zai jona. Akwai dabara: a cire wayar hita a tsofaffin masu agogo da suka yarda da haka, a bar rana ta yi aikin, tunda ruwan tanki a watan Afrilu da kansa yake ɗaukar zafi. Da haka abin da injin ke ja ya ragu ƙwarai. Amma an rasa wankin tafasa, wanda yana cikin manyan amfaninsa.

Hanya ma tana cin rabonta. Sabon inji yana zuwa da sandunan ƙarfe da ke riƙe ganga kada ta yi lilo a mota. Na gwanjo ba safai suke zuwa da su ba. Daga tashar ruwan Kwatano a da, ko ta Lome bayan da aka rufe iyakar Benin a 2023, ko ta Legas da Kano da Jibiya, gangar tana dukan jikin injin tsawon tafiya. Kafin ya iso Tasawa wani shokansa ya riga ya mutu. Ga rubutun jikinsa da Jamusanci, babu littafin bayani, sai mai gida ya yi ta murɗa maɓalli da ka. Ga rairayi a aljihun yara da ke taruwa a famfon fitar da ruwa, ga ɓera da ke son wayoyin ciki. Garin sabulun da muke wanki da shi a baho kumfarsa ta yi wa injin yawa, sai ta yi ta ambaliya ta ƙofa.

Kayan da muke sawa ma ba su aka yi tunani ba da aka ƙera shi. Zanen gado, tawul, kayan makaranta, kayan jarirai, duk yana fitar da su tas. Amma kada wanda ya jefa masa shaddarsa mai tsada ko babbar riga mai aikin hannu. Juyi da matsa suna kashe sheƙi, suna kuma jan zaren aiki. Waɗannan hannun mai wanki da guga suke so, da sitaci, da maɓugi.

Duk da haka ba na cikin masu cewa injin wanki kayan nuna isa ne, ko kuma lalaci ne ke sa mace ta so shi. Wanda ya faɗi haka bai taɓa durƙusawa a kan bahon wankin gida mai mutum goma sha biyar ba. Masanin tattalin arzikin nan ɗan Koriya ta Kudu, Ha-Joon Chang, ya yi hujjar cewa injin wanki ya canza duniya fiye da intanet, saboda sa'o'in da ya mayar wa mata. Yarinyar da ke kashe Lahadinta a wanki, lokacin karatunta ne ke tafiya. Matanmu sun cancanci wannan hutu. Ga yawancin gidaje, inji mai baho biyu na roba, wanda ake zuba wa ruwa da bokiti, ya fi dacewa. Ba shi da ƙarkon Miele ko kusa, rana tana cin robarsa, amma ba ruwansa da ƙarfin famfo, ba shi da hita, ƙaramin janareto na tada shi, mace ce ke ƙayyade ruwan da zai sha, kayan gyaransa kuma suna nan a Maradi da Kano.

Shi kuwa tsohon Miele, wurinsa shi ne inda wanki ke da yawa kullum kuma akwai tanki da wuta tsayayyiya. Ɗakin haihuwa ne ya fi zo mini a rai. Injin na iya kai ruwa maki 95, kuma zanen da ya sha jini irin wannan wanki yake bukata, ba tare da wata baiwar Allah ta sa hannunta a ciki ba. Haka ɗakunan kwantar da yara masu tamowa, da ke cika a damina lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya haɗu da ƙarewar hatsi. Cibiyar lafiyar da aka yi wa famfon burtsatse da tanki mai tsawo da sola mai ƙarfi ta riga ta cika sharuɗɗan. Haka masaukin baƙi a bakin babbar hanyar Maradi zuwa Damagaram, ko ƙungiyar mata masu wankau da za su haɗa kuɗi su sayi ɗaya, su riƙa karɓar barguna da zannuwan gado na unguwa. 'Yan uwanmu da ke waje, masu son a yi da su a gida, da za su haɗu su aika inji zuwa irin waɗannan wurare tare da kuɗin tanki da na'urar daidaita wuta, da an ci moriyarsa shekaru.

Mai niyyar saye kuma kada ya biya sai an jona injin a gabansa ya yi wanki guda daga farko har ƙarshe. Ya saurari matsa, in ya ji ruri to boris ne. Ya danna gangar da hannu ya sake ta, in ta yi ta lilo shoka ta tafi. Ya leƙa robar bakin ƙofa ko ta tsage. In da zaɓi, ya ɗauki mai agogo.

Ina kuma roƙon masu irin wannan inji da ya daina aiki, kada su yi saurin miƙa wa 'yan gwangwan. Nauyin ƙarfensa ne ke jan hankalinsu, za su auna su biya su farfasa. Motarsa da famfonsa da bawul da agogonsa kuwa, kowane ɗaya na iya tada wani injin da ke zaune a wani gida, kuma cibiyoyin koyon sana'a na garuruwanmu suna bukatar irinsa don yara su kwance su ɗaura har hannunsu ya saba.