Zanen aro ba ya rufe katara

1/ Jama'a, zaren nan da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta. Makon jiya da daddare muka fita daga Gwammaja a adaidaita sahu da ɗan maƙwabciyarmu. Bai kai shekara biyu ba. Ƙafafu a kumbure, ga gudawa, ko kuka ba ya iyawa.

2/ Asibitin farko aka ce babu gado. Na biyu likita ɗaya ne, layi har bakin ƙofa. Ya duba yaron ya ce tamowa ce. Ruwa, allura, safar hannu, duk a kemis muka siyo. Wallahi ban ga laifin likitan ba, shi ma kamar ya faɗi don gajiya.

3/ Yaron yana samun sauƙi, alhamdulillah. Amma a birnin Kano fa muke, mai asibitin koyarwa da na ƙwararru. To ina ga matar Jibiya ko Batsari da 'yan bindiga suka raba da gonarta?

4/ A watan Yulin 2025, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 tamowa ta kashe a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Waɗanda aka samu aka kai asibiti ke nan fa. Na gida babu mai ƙirga su.

5/ A Janairun 2025 Trump ya dakatar da tallafin Amurka, daga baya aka rushe USAID. Sai ga shi an gane cewa abincin yara masu tamowa, maganin HIV, gidan sauro, kaso mai tsoka ashe da kuɗin baƙi ake yi.

6/ Likitocin ma tafiya suke. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce sama da 16,000 sun bar Najeriya cikin shekara biyar zuwa bakwai. Mu muka horar, Ingila da Saudiyya ke mora.

7/ Wasu na zagin Turawa. Ni kam ba zan ɓata bakina ba, kuɗinsu ne. A Abuja, 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. A gidanmu aka sa hannu, amma gwamnatin tarayya har yau tana wajen kashi 5.

8/ Mu ma da namu. Mashaƙon da ya ɓarke a ƙarshen 2022, Kano ya fi yi wa ɓarna, alhali rigakafinsa kyauta ne. Don Allah ka duba katin rigakafin ƙanenka yau.

9/ 2027 na tafe. Za su shigo lungunanmu da taliya da atamfa. Ka tambaye su: ma'aikata nawa ne a asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarmu? Nawa aka saki daga kasafin lafiya, ba nawa aka rubuta ba?

10/ A nan Gwammaja gidan Malam Aminu Kano yake, wanda ya koya wa talaka tambayar mai mulki. Abin kunya ne maƙwabtansa su yi shiru. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wanda ya kwana a layin asibiti bana, ya faɗa mana abin da ya gani.