Wa Ya Ce Ɗan Fansho Sai Tabarma?

A ƙasar Hausa, da zarar ma'aikaci ya cika shekara 60, ko ya yi 35 yana aikin gwamnati, sai jama'a su shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida. Tafiya uku kaɗai aka yarje masa: Makka, asibiti da ta'aziyya. In ya ce zai ɗauki Hajiya su bi gaɓar teku daga Legas zuwa Gana don ganin ƙasa, nan take za a fara: "Haba Alhaji, da girmanka? Ai yawon buɗe ido na Turawa ne." Wannan magana tauye haƙƙin dattijo ce, kuma rashin sanin tarihinmu ce.

Kakanninmu fatake ne. Da jakuna suka riƙa zuwa Gwanja sayo goro, su yi watanni a hanya, kuma har yau akwai zangon Hausawa a Kwatano da Lome da Akra. Jikansu kuma a ce masa fita abin kunya ne?

Daga Legas zuwa Akra bai kai kilomita 500 ba, kuma tun yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, fasfo da katin rigakafin shawara sun isa. A Wida, cikin Benin, akwai ƙofar tunawa da bayin da aka loda a jiragen ruwa. A Lome titin na bin bakin ruwa, itatuwan kwakwa a jere, masunta sun yi layi suna jan taru da hantsi, kan iyakar Gana ta Aflawo kuma tana manne da birnin. A unguwar Nima ta Akra za ka karya da koko da ƙosai, mai sayarwa na gaishe ka da Hausa. In ka zarce zuwa Elmina, ga ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482, da kurkukun ƙasa mai duhu inda aka cusa mutane kafin a sayar da su. Wanda ya tsaya a ɗakin nan ba yawon banza ya je ba.

Za a ce ina kuɗin, fansho ma sai an sha jira. Gaskiya ne, kuma abin takaici ne. Amma masu wannan tambaya ba sa buɗe baki idan kuɗin sallama suka tafi a ƙarin aure, ko a gonar kajin da mai ita bai san kanta ba, ta rushe kafin shekara. Matar da ta yi shekaru tana haɗa wa Alhaji jaka in zai tafi aiki, ita ma ta cancanci a haɗa tata.

Wahala akwai: shingayen bincike tsakanin Badagiri da Seme sun isa su ƙure haƙurin kowa. Maganinta a ɗauki direba, a guji tafiyar dare, a canji sefa da sidi tun da wuri, a fita bayan damina, tun gwiwa na iya hawa matakalar Elmina.