Sharhi: Kasuwar Cikin Waya da Rabon Mazauna Karkara

Masu iya magana sun ce idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Tun daga shekarar 2001, lokacin da kamfanonin wayar salula suka fara aiki a Nijeriya, harkar saye da sayarwa take sauya kama sannu a hankali, har ta kai a yau mai kilishi da mai ɗinkin hula da mai sayar da zuma suna iya nuna hajarsu ga mutumin da ke Legas ko Fatakwal ba tare da sun taka tashar mota ba. Kafafen sada zumunta irin su WhatsApp da Facebook da Instagram da TikTok, waɗanda da farko aka ɗauke su wurin hira da gaishe-gaishe, sun zama kasuwa mai ci kullum. Abin da ya kamata mu duba, mu da muke zaune a ƙauyuka da ƙananan hukumomin wannan jiha, shi ne yadda za mu ci moriyar wannan kasuwa ba tare da mun zubar da jarinmu ko mutuncinmu a cikinta ba.

Manoma ba baƙi ba ne ga amfani da waya. A shekarar 2012 gwamnatin tarayya, a zamanin da Akinwumi Adesina yake ministan aikin gona, ta ɓullo da shirin raba takin zamani ta hanyar saƙon waya. Sai dai abin da ya fi tura jama'a cikin cinikin waya shi ne ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon shekarar 2023, bayan sauya fasalin naira. A wancan lokaci masu sayar da dabbobi da hatsi da dama, waɗanda a da ba sa karɓar komai sai tsaba, sun buɗe asusu a banki ko a kamfanoni irin su OPay da Moniepoint, domin kuwa wanda ya ƙi karɓar taransifa sai ya koma gida da kayansa. Ƙarancin kuɗin ya wuce, amma al'adar ta zauna. Tunda kuwa ana iya biyan kuɗi daga nesa, to ana iya yin ciniki daga nesa.

Kowace kafa da irin aikinta, kuma rashin sanin wannan bambanci na sa mutane ɓarnar data a banza. Abin da mutum ya ɗora a sitatus ɗinsa na WhatsApp yana gushewa bayan awa 24, kuma masu ganinsa su ne waɗanda suka ajiye lambarsa shi ma ya ajiye tasu. Saboda haka wannan hanya ta fi dacewa da riƙe tsofaffin abokan ciniki, musamman da yake saƙon murya ya sauƙaƙa al'amarin ga wanda bai iya rubutun boko ba. TikTok kuwa yana nuna bidiyo ga mutanen da ba su san mai shi ba, gwargwadon yadda masu kallo suka tsaya a kansa, don haka a nan ake kamun sababbin masu saye. Zaurukan Facebook na manoma da makiyaya suna taimakawa wajen sanin farashi da haɗuwa da masu sari. Tun daga 2018 kuma akwai manhajar WhatsApp Business, wadda ake saukewa kyauta, mai ba ɗan kasuwa damar jera hotunan kayansa da farashinsu da lokutan aikinsa. Hanyar da ta fi dacewa da mai ƙaramin jari ita ce ya nemi mutane a kafa ɗaya mai faɗi, sannan ya jawo su zuwa lambar wayarsa, inda ake gama magana.

To amma babu shakka nuna kaya shi ne mafi sauƙi a cikin wannan harka. A kasuwar Dawanau ko ta Maigatari ko ta Potiskum, mai saye yana zura hannu cikin buhu, yana duba haƙoran sa, ga kuma dillali a tsaye wanda ya san kowane ɓangare, wanda za a kama idan magana ta tashi. A cikin waya duk wannan babu. Ciniki ne irin wanda magabata suka kira cinikin biri a sama, kuma abin da kawai yake maye gurbin dillali a nan shi ne sunan mai kaya. Wannan suna, wanda 'yan boko suke ta rubuce-rubuce a kan yadda ake gina shi, mu mun daɗe da saninsa: shi ne a ce man shanun wance ba ya da gauraye, ko kuma wane idan ya ce ranar Laraba zai gama ɗinki, to Laraba ce. Waya tana yaɗa irin wannan shaida da sauri, tana kuma yaɗa kishiyarta da saurin da ya fi haka, domin hoton buhun da aka yi wa algus yana iya zaga zauruka goma kafin magariba.

Akwai darasi a kan haka daga abin da ya sami waken ƙasar nan. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Waɗanda suka zuba maganin ba su ne dukkan manoma ba, amma hukuncin ya shafi kowa. Haka lamarin yake ga gari ko gunduma: idan mutum biyu ko uku suka aika da zumar da aka haɗa da sukari, sunan garin gaba ɗaya ne zai ɓaci a wurin masu saye. A ɗaya ɓangaren, manomin da yake adana wakensa a buhun PICS mai ruɓi uku, wanda yake kashe ƙwari ta hanyar hana iska shiga, yana da abin faɗa a tallarsa wanda gaskiya ne, kuma ana iya nuna shi a bidiyo.

Batun ma'auni ma yana buƙatar kulawa. Tiya da mudu da kwano suna bambanta daga wannan kasuwa zuwa waccan, alhali mai saye daga nesa da kilo yake lissafi. Duk wanda yake son ciniki ya ɗore, ya sayi sikeli, ya ɗauki hoton kaya a kansa da rana tsaka, ya faɗi farashi a fili, ya kuma bayyana wanda zai biya kuɗin mota da na lebura tun kafin a ɗora kaya. Mutane da yawa suna murnar yawan oda, sai ƙarshen wata su ga babu riba, saboda ba su saka kuɗin data da leda da kwali da cajin waya a cikin lissafi ba. Wannan ya ƙara muhimmanci tun daga watan Janairun 2025, lokacin da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kusan kashi 50 cikin ɗari.

Haka nan kuma bai kamata kowa ya jingina dukkan kasuwancinsa a kan kafa guda ba, kuma shekarar 2021 ta ishe mu misali. A watan Yunin shekarar gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe shi ba sai a Janairun 2022. A watan Satumba aka rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro, har tsawon makonni masu yawa. A ranar 4 ga Oktoba kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kimanin awa shida. Mabiyan da mutum yake da su a shafi suna hannun kamfanin da ya mallaki shafin, wanda zai iya rufe shi ko a sace shi a dare ɗaya. Littafin da aka rubuta sunayen abokan ciniki da lambobinsu da abin da suka saba saye, shi ne dukiyar da take hannun mai ita.

Game da 'yan damfara, rigakafi ya fi magani. Kada a saki kaya saboda saƙon alat ko hoton rasit, sai an duba asusu an ga kuɗi sun shiga. Kada a faɗa wa kowa lambar sirri ko lambobin da aka turo ta saƙo, ko da ya ce daga banki yake kira, domin da irin wannan ake ƙwace asusun WhatsApp a riƙa karɓar kuɗi da sunan mai shi. Sannan a sani cewa doka tana aiki a cikin waya kamar yadda take aiki a rumfa. Abincin da aka sarrafa aka ƙulla a mazubi da magungunan gargajiya suna ƙarƙashin kulawar hukumar NAFDAC, kuma dokar da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON a 2022 ta haɗa da tallar da ake yi a intanet. Masu iƙirarin cewa ƙulli ɗaya yana warkar da cuta goma suna jefa kansu da jama'a cikin hatsari.

A nan ne nauyi ya hau kan shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da hakimai da dagatai da malaman gona. Manomi ɗaya ba zai iya cika mota da riɗi ko zoɓo ba, ba kuma kowa ne yake da babbar waya ba. Amma ƙungiyar gama kai mai rajista, mai asusun banki da sunanta, mai sikeli ɗaya da lambar waya ɗaya da matashi amintacce yake riƙewa, tana iya yin magana da babban mai saye kai tsaye. Sashen aikin gona da na raya al'umma za su iya taimakawa wajen rajistar irin waɗannan ƙungiyoyi, da haɗa su da hukumar SMEDAN da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, da shirya bita a ranakun kasuwa cikin harshen da jama'a suke ji. Ya kuma kamata a ba mata kulawa ta musamman, domin masu yin ƙuli-ƙuli da yaji da garin kunu da turaren wuta a cikin gida su ne suka fi cin moriyar wannan hanya, kuma ita ce za ta rage ɗora wa yara mata talla a lokacin makaranta. Sai kuma a tattara sunayen garuruwan da ba su da sabis a miƙa wa hukumomin da abin ya shafa, a kuma gyara hanyoyin da kaya suke bi, tunda buhu ba ya tafiya ta cikin waya.

Muna kira ga jama'armu da su shiga wannan kasuwa da ido buɗe, su fara da kaɗan, su cika mudu, su cika alkawari, su kuma riƙe littafin lissafi. Allah ya sa albarka a cikin nemanmu, ya kare mu daga cuta da cutarwa, amin.