Rumbun Hayaƙi a Ƙarƙashin Ƙasa: Wa Zai Yi Gadinsa?

Kowa a Yankara ya san ba a zuba masara a rumbun da ba shi da murfi. To, yanzu masana sun ce iskar kabon-dayoksaid, wadda ke ƙara wa duniya zafi tana rikita mana damina, ita ma a yi mata rumbu. Ina? A cikin duwatsun da ake haƙo man fetur da gas.

Dutsen da mai ke kwanciya a cikinsa yana da ƙananan ƙofofi kamar soso. Sai a matse iskar, a tura ta ta rijiya zuwa zurfin da ya haura mita 800. A samansa akwai wani dutse mai tauri da ba ya yoyo, shi ne murfin. Wani kaso na iskar yana maƙalewa a ƙofofin, wani ya narke cikin ruwan gishiri kamar gas ɗin lemon kwalba, wani kuma bayan shekaru aru-aru ya daskare ya zama dutse. Ƙasar Norway tana yin haka a Sleipner tun 1996.

Mu dai mun yarda dabara ce mai kyau. Amma labarin In Salah ya sa mun yi turus. Wannan gari yana cikin hamadar Aljeriya, a yankin da ayarin fatake ke ratsawa a zamanin da. Daga 2004 aka tura kusan tan miliyan 4 a ƙarƙashin filin gas da ke can. Sai tauraron ɗan'adam ya nuna ƙasar wurin ta ɗan kumbura. A 2011 aka dakatar da aikin, don gudun kada murfin ya tsage. Da ba a sa ido ba fa?

Abin ya shafe mu, tunda a Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, bayan Najeriya ta yi alkawari a Glasgow cewa nan da 2060 za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take kawarwa. A lokacin, 'yan aji ɗaya na yau sun fara furfura.

Akwai kuma wata ƙura. A Weyburn ta Kanada ana tura iskar ne don ta koro sauran man da ya maƙale, a sayar, a sake ƙonawa. An ba ka da dama, an karɓe da hagu ke nan. Ga shi duniya na fitar da sama da tan biliyan 35 a shekara, abin da ake binnewa bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Don haka idan za a kawo wannan rumbu Arewa, muna so a fara rubuta a doka wanda zai riƙa auna shi bayan kamfani ya kwashe kayansa, da wanda zai biya manomi idan ya yi yoyo a gonarsa. Kuma a koya wa 'ya'yan yankin aikin awon, ba gadin ƙofa kawai ba.