Abincin da Likita Ya Yanka wa Mai Ciki

Jama'ar Zango mazauna Ingila, kun san duk jaririn da aka haifa a ƙasar nan, ran da ya kwana biyar ungozoma takan soke shi a dunduniya ta ɗiga jininsa a kan takarda. Cikin cuce-cucen da ake nema da wannan jini akwai wata ta gado da likitoci ke kira PKU. Ita muke so mu yi magana a kanta, don kuwa maganinta a tukunya yake, tukunya kuwa a hannun mutanen gida take.

Wani likita mutumin Norway, Følling, shi ya gano ta cikin 1934. Ga yadda take. A cikin abinci mai gina jiki, watau nama da kifi da ƙwai da nono da wake da gyaɗa, akwai wani sinadari mai suna fenilalanin. Hantar mai lafiya takan sarrafa shi. Ta mai PKU ba ta iyawa, sai ya taru a jini ya ɓata ƙwaƙwalwa. Cikin 1951 Likita Bickel da abokan aikinsa a asibitin yara na Birmingham suka gwada wa wata yarinya abincin da aka cire wa sinadarin, aka ga sauƙi. Daga 1969 gwajin dunduniya ya game ƙasar. A nan wajen jariri ɗaya cikin 10,000 ke zuwa da ita, a cikin baƙar fata kuwa ba ta kai haka ba. Amma fa in uba da uwa duka suna ɗauke da ita a ɓoye, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da ita, auren zumunci kuwa yana ƙara haɗa irin waɗannan biyu.

To, yarinyar da aka tsare da abinci ta girma lafiya, ta yi aure. Nan haɗarin yake. In ta saki ƙa'ida, sinadarin yakan ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, a haife shi da ƙaramin kai, ko naƙasar zuciya, ko taɓin hankali, ko da shi kansa bai gaji cutar ba. Zuciyar ɗan tayi tun makonnin farko ake halittarta, kafin mace ta tabbata ma tana da ciki. Saboda haka likitoci suka ce a koma kan ƙa'ida tun ba a ɗauki cikin ba, a riƙa auna jini kowane mako, a sha garin nan na asibiti wanda ke tsaya mata a madadin nama, sau uku ko huɗu a yini.

Yanzu ku duba al'adarmu. Mai ciki ita ake tura wa farfesu da fura da nono, a ce ta ci don mutum biyu. In ta ture wake da shinkafa, ko ƙosan da aka kawo da koko, sai surukuwa ta ce iyayi ne na 'yan boko. Mun san ƙauna ce ta kawo haka, amma ga wannan baiwar Allah tsinken tsire ɗaya ɓarna ne. Rogo da ayaba da yawancin 'ya'yan itace ba su da laifi. Shinkafa da masara ma sai da awo. Wanda ya ga ta ajiye ma'auni kusa da kwano kada ya yi mata dariya.

Haka zancen azumi. In ta zauna da yunwa jikinta yakan ci naman kansa, sinadarin ya hau. Shari'a ta riga ta yi wa mara lafiya da mai ciki rangwame, muna roƙon malamanmu su faɗi haka a fili a wajen wa'azi, su bar mata suna jin kunyar tambaya.

Masu kantuna, lemon kwalba da aka rubuta ba sukari sau da yawa akwai aspartame a ciki, shi kuwa yana ɗauke da fenilalanin, an kuma rubuta a jikin kwalbar. In mai saye ta tambaya, ku karanta mata.

Masu ciwon sukari cikin matanmu sun fi masu PKU yawa nesa, su ma takardar abinci ake ba su a asibiti. Maigida, ran da za a je ganin likitan abinci ka bar kanti awa biyu ka raka ta, ka tafi da wadda ke dafa tuwon gidan.